DIREBA MAI JI DA IDO

Shafi na 23

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba," to ga shi, ku bar ni in sha ruwa. Masu goyon bayan Madubi da masu jin haushinsa, kowa ya gyara zama, yau ba na rarrashin kowa.

Wanda kuma yau ya shigo: Madubi direban tirela ne, ya haura shekara talatin a kan sitiyari. 'Yan gareji suka laƙa masa sunan saboda madubai da ya jera wa motarsa, manya da ƙanana, har ana cewa amarya ce ba mota ba. Abin da ba su sani ba, kunnensa ne ke tafiya a hankali, ido yake ƙara wa aiki. Yau kamfani ya tura direbobi gwajin lafiya na shekara. Wanda bai ci ba, ba shi ba mota.

*

Madubi na shiga ɗakin gwajin, bai kalli Likita ba, bai kalli na'urarta ba. Bango ya fara dubawa.

Yana nan!

Hoton kunnen nan ne, babba, an tsaga shi biyu ana nuna abin da ke ciki, an sa shi a firam mai gilashi. Kujerar da ake zaunar da mutum tana fuskantar hoton, Likita kuma a baya take zama, don kada ka ga lokacin da take danna maɓalli. To amma wanda ya rataya hoton nan bai taɓa tuƙa babbar mota ba. Gilashin yana ɗauko teburin Likita tas, har da hannunta.

Da shi ya ci gwajin bara. Da shi kuma zai ci na bana, in Allah ya so.

"Ina kwana, Baba? Bismillah, zauna."

Ya ga bakinta ya motsa, ya tsinci "zauna," ya haɗa sauran da kansa.

"Lafiya lau, 'yata. A yi a gama, an riga an yi mini lodi. Da yamma zan ɗaga."

Ya faɗa da ƙarfin da ya sa wani da ke wucewa a baranda ya leƙo. Shi bai san ya ɗaga murya ba.

Likita ta zagayo gabansa da abin sawa a kunne.

"Ka san yadda ake yi. Ka ji ƙara, komai ƙanƙantarta, ka ɗaga hannu."

"Na sani. Tun kina rarrafe ake gwada ni."

Ta yi murmushi, ta ɗora masa abin a ka, ta koma baya.

Ya kafa wa hoton ido, ya ɗan karkatar da kai, wai shi mai saurare. A cikin gilashin ya ga yatsanta ya sauka.

Ya ɗaga hannu.

Ya sake sauka. Ya ɗaga.

Kai, mutumin nan ya iya! Ba ya gaggawa. Sai ya bari yatsan ya sauka, ya ɗan yamutsa fuska, sannan hannu ya tashi a hankali. Wani ma da gangan ya bari ya wuce, don kada abin ya yi kyau da yawa a zarge shi. A ransa har yana yi wa kansa kirari.

Ta zo ta cire masa abin. Maimakon ta koma teburinta, sai ta jawo kujera ta zauna a gabansa, gwiwa da gwiwa.

"Baba, ka ji duka?"

"Tas."

"Har ta ƙarshen nan, 'yar siririya?"

"Ita ma. Kamar kukan sauro."

Likita ta sunkuya ta jawo wata baƙar wayar wuta daga ƙasa, ta ɗaga masa kanta. Kan da ya kamata a ce yana cikin bango.

"Na'urar a kashe take, Baba. Ban kunna ta ba."

Ya kalli wayar, ya kalli yarinyar nan da ba ta fi ya haife ta ba. Kunya ta zo, amma kafin ta zauna fushi ya ture ta.

"To na'urarku ce ta lalace. Ni ina ruwana?"

"Ba ta lalace ba. Ni na zare ta."

"Au! Tarko kika ɗana mini ke nan."

"Gwaji na yi maka. Yanzu za mu yi na gaskiya."

Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko wani ƙyalle a ninke, ta warware shi, ta lulluɓe hoton. Ƙyallen ya zauna ɗas, kamar an auna firam ɗin kafin a yanka shi. Ta soka wayar a bango, ta mayar masa da abin a kunne.

Madubi ya zauna.

Babu komai sai shuuu ɗin nan da ke kwana da shi ya tashi da shi. Can ya ji wata ƙara mai kauri a kunne ɗaya, ya yi wuf ya ɗaga hannu. Can kuma wata. Daga nan shiru. Ya san tana dannawa, jikinsa ya ba shi tana dannawa, amma hannunsa na kan gwiwa ya rasa lokacin da zai tashi. Gumi ya fara bin bayansa.

Da yake babu abin kallo, sai ya zuba wa ƙyallen ido.

Shuɗi ne mai siririn ratsin fari.

Ya ƙara dubawa. An kalmashe bakinsa layi biyu, an naɗe kowace kusurwa ta yi ɗan kunne. Shekara nawa yana zama a kan irin yadin nan? Rigar kujerar motarsa ce sak. Kalmasar nan kuwa ko a cikin duhu ya shafa ta ya san hannun da ya yi ta.

Bai san lokacin da aka gama ba. Sai ganin Likita ya yi ta dawo gabansa, tana magana a hankali, tana buɗe baki sosai. Wannan ma ya ƙona masa rai.

"Baba, kunnen da ke gefen tagar mota ya kusa tafiya gaba ɗaya. Ɗayan da saura, amma ya yi ƙasa. Ƙarar inji ce da iskar taga ta shekara da shekaru. Ba laifinka ba ne."

"Na tambaye ki laifin wa?"

"A'a."

"Shekara talatin da ɗoriya, ko kaza ban taɓa takawa ba. Je ki kamfani ki tambaya. Yaran da kunnensu ke jin tafiyar tururuwa, nawa suka kifar da mota a gabana?"

"Na yarda da kai."

"To kunne ke taka birki?"

"Ba shi ke takawa ba. Amma wani lokacin shi ke gaya wa ƙafa ta taka."

"Ni idona ke gaya mata."

"Idonka ba ya zagaya kwana, Baba. Ba ya ganin motar asibiti da ke jiniya a bayan tirelarka. Ba ya ganin tayar da ta fara kuka."

Ya yi tsaki ya kawar da kai. Ta jira har ya dawo da idonsa, sannan ta buɗe wani ɗan akwati. Wani abu ne a ciki, ƙarami, bai fi kan yatsa ba.

"Ban ce ka gama tuƙi ba. Wannan na'urar ƙara ji ce. A auna maka taka, ka saba da ita, ka dawo in sake gwada ka da ita a kunne. Ka ci, ka koma motarka. Direbobi da yawa da ita suke aiki."

"In maƙala wannan in shiga gareji?"

"Me ya yi? Masu sa gilashin ido fa?"

"Mai gilashi, malam ake ce masa. Mai wannan, kurma ake ce masa."

"Baba…"

"Kuma kin san Manaja? Ya daɗe yana neman hanyar da zai ba ɗan ƙanwarsa motar nan. In sauka in ce zan je in saba da na'ura? Kafin in dawo an cire madubaina an zubar."

"Ni dai ba zan iya cewa ka ci ba, alhali ba ka ci ba."

"Yaushe sakamakon zai isa kamfani?"

Ta gane inda ya dosa.

"Sai na gama da sauran direbobin. Gobe da safe."

"Gobe da safe." Ya miƙe yana gyara hula. "To yau ni direba ne."

Ta miƙe ita ma, bakinta na motsi da sauri, hannu na nuna shi yana nuna ƙofa. Abu ɗaya ciwon nan ya ba shi na amfani: in ba ya son jin magana, kawar da ido kawai zai yi. Ya kawar. Ya taka zuwa bango ya fizge ƙyallen daga kan hoton.

"Wannan kuma na gidana ne."

*

Tun daga bakin ƙofar ɗaki ya san matarsa tana kan keken ɗinki. Ba ji ya yi ba. Yana cire takalmi ya taka siminti, sai ya ji ƙasa na rawa a tafin ƙafarsa. Da haka yake gane Tela na aiki, da haka yake gane ta tsaya.

Tela matarsa ce, uwar 'ya'yansa, ɗinki take yi a gida tun kafin su yi auta. Ita kaɗai ce a duniya ta san maganar hoton kunne, don bara da ya dawo shi ya ba ta labari da bakinsa, yana dariya har da riƙe ciki.

Ya jefa ƙyallen a kan keken.

Ba ta firgita ba. Ta ƙarasa layin da take kai, ta yanke zare, ta ajiye almakashi. Sannan ta juya kujerarta ta fuskanci taga, yadda haske zai faɗa mata a baki. Ta daɗe tana yi masa haka, shi kuma ya daɗe yana yi kamar bai lura ba.

"Sannu da zuwa, Maigida."

"Riƙe sannunki. Wannan na wa ne?"

"Nawa ne."

"Ya aka yi ya je asibiti? Ƙafa ya yi?"

"Ni na kai shi."

Ya zaci za ta musa. Ya zo da shirin musu, ya tanadi rantsuwar da zai sa ta yi. Da ta amsa kai tsaye, sai ya rasa ta inda zai kama.

"Ke? Ke da kanki?"

"Ni da ƙafata. Na ce wa Likita ta rufe hoton nan. Ta ce da me, na ce zan kawo."

"Har da kalmasa! Kin je tona mini asiri, kin tsaya kina kalmasa!"

"Sai in miƙa wa mutum ƙyalle baki na zare? Ni ba a yi haka da ni ba."

Wallahi da wani lokaci ne da ya yi dariya. Yau kuwa ji ya yi kamar ya ɗauki keken ya jefa waje.

"Tela, me na yi miki? Na hana ki ci ne, ko na hana ki sha? Duk garejin nan babu wanda ya gane. Manaja bai gane ba. Abokan da muke cin abinci kwano ɗaya ba su gane ba. Sai matar da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ce za ta kai ni ta baro!"

"Ba su gane ba saboda wa?"

"Saboda na iya aikina."

"Saboda ni dai. Wa ke ɗaukar maka waya in Manaja ya kira, yana faɗa ina maimaita maka da baki? Wa ke ce wa baƙi gajiya ce ta sa ba ka amsa gaisuwa? Surukanka sun zo sun yi ta magana kana ta 'haka ne, haka ne,' alhali rasuwa suke gaya maka. Wa ya gyara? Jikarka ta bi ka a baya tana 'Kaka, Kaka,' ba ka waiwayo ba, ta zo tana kuka wai ka daina son ta. Wa ya rarrashe ta?"

"To sai ki ci gaba da rufawa mana! Ba aikin mace ke nan ba?"

"Na rufa har hannuna ya gaji. Asirin da ƙarshensa da likkafani za a rufe shi, ni na fasa."

"Bakinki ya sari…" Ya haɗiye sauran. "Wa ya ce miki mutuwa zan yi?"

"Gangaren nan ya ce mini."



Maganar da ba su taɓa yi ba ke nan. Watannin baya ya ɗauke ta a gaban mota zai sauke ta gidan babbar 'yarsu da ta haihu, tunda hanyarsa ce. Ranar ce.

"Ina zaune kusa da kai," in ji Tela, "wani abu na ta ƙara a gaban motar. Ƙiii, ƙiii, ba tsayawa. Na ɗauka haka motar take. Kai kuwa kana ta 'yar waƙarka. Sai da kaina ya fara ciwo na taɓa ka na ce, Maigida, wannan ƙarar ta mece ce? Ka ce wace ƙara?"

"Ya isa."

"Bai isa ba. Ka duba allon gabanka, na ga fuskarka ta canja. Ka gangara gefen hanya ka tsaya. Iskar birki ce ke zurarewa, motar na ta ihu tana gaya maka, ba ka ji ba. Ga gangare a gabanmu, ga kasuwa a ƙasansa cike da mutane."

"Akwai jar fitila. Da na gan ta."

"Rana ta haske ta. Kai ka faɗa da bakinka."

"Na tsaya ko ban tsaya ba?"

"Ka tsaya don na tambaye ka. Yau in ka ɗaga, wa zai tambaye ka?"

Ya tuna yadda ya sauka ranar ya zagaya bayan mota don kada ta ga yadda ya tsorata. Ashe ta gani.

"Tun ranar ban sake barcin kirki ba in kana hanya," ta ce. "Waya ta yi ƙara, sai in zaci mugun labari ne. Na roƙe ka mu je a duba ka, ka ce in bar maganar. Na sa 'yarka ta yi maka magana, ka yi wata ba ka taka gidanta ba. To me ya rage mini?"

"Ya rage ki yi shiru!"

"Na ƙi."

"Tela!"

"Na ƙi, Maigida. Ka yi duk abin da za ka yi."

Ya dube ta. Matar nan da ko muryarta ba a ji a waje, yau ta zauna ta harɗe hannu tana kallon tsakiyar idonsa. Tsoro ne ya kama shi, ba nata ba, tsoron gobe da safe. Ya ga kansa zaune a kan benci a ƙofar gida, motoci na wucewa, yara na cewa ga tsohon direban nan da ya kurmance.

"In na sauka daga motar nan," ya ce, muryarsa ta dushe, "ni wane ne? Gaya mini. Ban iya noma ba, ban iya kasuwa ba. Tun ina saurayi abin da na sani ke nan."

"Ba a ce ka sauka har abada ba. An ce ka sa na'ura."

"Ba zan sa ba."

"To ba za ka tafi ba."

"Wa zai hana ni? Ba ni jakata."

Jakar tafiyarsa na ƙarƙashin keken, inda take ajiye ta kullum in ta gama shirya masa kaya. Makullin motar na cikin aljihunta na gefe. Tela ta sa ƙafa ta taka igiyar jakar.

"Ɗage ƙafarki."

"Ka ce kana ji, ko?"

"Ina jin abin da ya kamata in ji."

"To fito tsakar gida. Ka juya mini baya, in kira ka. In ka ji ka juyo, wallahi ni zan ɗauki jakar nan a kaina in kai maka har bakin mota. In wuce asibiti in ce wa Likita sharri na yi maka."

"In ban ji ba fa?"

"Ka san sauran."

Ya yi wata 'yar dariya ta raini. Na'urar asibiti daban, muryar mutum daban. Muryar da ya yi shekara talatin yana ji? Haba!

"Kira ɗaya ya ishe ni. Mu je."

Suka fito. Rana na tsaka, tsakar gidan fayau. Ta ajiye jakar a bakin ƙofar ɗaki ta tsaya a kanta, ta nuna masa katangar da ke can ƙarshe, wadda ta raba su da maƙwabta.

Yana tafiya idonsa na aiki, don hali ba ya barin mai shi. Ga bokiti cike da ruwa a gindin katangar, ruwan na ɗauko rabin gidan. Ya ɗan karkata wajensa.

Tela ta wuce shi ta tuntsurar da bokitin.

Ga murfin tukunya an jingine yana sheƙi. Ta kife shi. Ga tagar ɗakin girki a buɗe, gilashinta na kallon ƙofar ɗaki. Ta rufe ta, ta yafa mata zane daga kan igiya.

"Kin gama?" ya ce.

"Na gama. Na san ka ai."

Ta koma wajen jakar. Ya juya ya fuskanci katanga. Ya saci kallon ƙasa ko inuwarta za ta kawo, amma rana na bisa kai, inuwar kowa na ƙarƙashin ƙafarsa.

To shi ke nan. Ya gyara tsayuwa, ya ɗan juya kunnen mai sauran ƙarfi wajenta. Ya riƙe numfashi.

Shuuu.

Ya jira.

Wani ƙadangare da ke shan rana a kan katangar ya zabura ya faɗa ta baya. Madubi bai kawo komai a ransa ba.

Ya ƙara jira. Matar nan ja masa rai take yi, so take ya gaji ya juyo da kansa ta ce ya faɗi. Ba za ta samu ba.

"To ki kira mana!" ya ce wa katangar.

Shuuu.

"Tela, ba ni da lokacin wasa. Lodi na jira na. In za ki kira ki kira, in kin fasa ki ba ni jakata!"

Sai ga kan matar maƙwabcinsu ya ɓullo ta saman katangar, daidai gabansa, ko ɗankwali babu. Ba shi take kallo ba. Bayansa take kallo, ido waje, hannu a ƙirji.

Madubi ya juya.

Tela na tsaye inda ya bar ta, amma ta sunkuyo, hannu biyu a kan gwiwa. Jijiyoyin wuyanta sun tashi. Ɗankwalinta ya zame ya faɗi. Hawaye ya wanke mata fuska, bakinta a wangame, tana jan numfashi tana sake buɗe shi da dukkan ƙarfinta. A ƙofar gida mutane sun taru, maza da mata, wani har da taɓarya a hannu, sun zaci wani abu ne ya faru.

Ya dubi bakinta, don nan ne kawai zai ji.

Ba "Maigida" take cewa ba. Ba "Madubi" ba.

Sunansa ne. Sunansa na yanka, wanda tun ranar da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa furta shi a gabansa ba. Yau ta kira shi har unguwa ta fito, kowa ya ji, sai mai sunan.



A daidai nan aljihun ƙirjinsa ya fara rawa. Ya zaro wayar. Manaja ne.

Bai ma yi tunani ba. Yadda ya saba kullum, ya taka ya miƙa mata wayar.

Tela ta miƙe tsaye, ta share fuska da bayan hannu. Ta dubi wayar, ta dubi jakar da ke tsakaninsu, ta dube shi. Sannan ta mayar da hannayenta biyu baya ta riƙe.

"Ɗauka," bakinta ya ce masa. "Kai ne direba."

Wayar na ta rawa a tafin hannunsa, mutanen ƙofa duk sun zuba masa ido.